Ranar da Na Kama Baba Tersoo Yana Cin Abinci

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da rabin abin da aka koya mini a makaranta, amma ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, cikin zafin watan Afrilu, ranar da na tara mutum sama da ashirin a bayan tankin ruwa don su zo su ga yadda zan tona asirin wani dattijo. Asiri kam an tona shi. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in faro daga yadda na je wurin. Na gama difloma, na shekara biyu ina zagaya ofisoshin garin Lafiya da fayil a hammata, har masu gadi suka san sunana. Da Kawuna ya gaji da ganina a zaure, sai ya yi wa wata mata magana, Madam Rifkatu, mai injin casar shinkafa a hanyar Doma. Ranar farko na tafi da farar riga da biro biyu a aljihu, a zatona kujera za a ba ni. Madam ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ne yaron Alhaji? Oya, cire rigan nan ka same su a wurin shanya." Tun daga ranar leburori suka sa mini suna Ɗan Boko.

Wanda bai taɓa aikin ba zai ɗauka inji ne ke yin komai. Inji casa kawai yake yi. Mu ne muke sauke buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga mota, mu juye a durom a jiƙa, mata su guma ta a kan wutar itace, mu kwashe ta da zafinta mu baza a dandalin siminti, mu yi ta juyawa rana na tsakiyar kai, mu sake ɗurawa a buhu mu kai bakin inji. In ta fito mu ɗinke, mu yi lodi. Daga shida na safe zuwa shida na yamma. Buntu ya shiga ido, ya shiga wuya, ya shiga inda ba a faɗa.

Ga yadda nake cin abinci a lokacin. Da safe ba na cin abin kirki, sai dai in kora rabin burodi da lemon kwalba ina jiran ɗan acaɓa. Wajen ƙarfe goma in fasa gwangwanin lemon nan mai sa kuzari da muke kira enaji. Ƙarfe ɗaya in tafi rumfar mai abinci in sa a tula mini teba malmala uku, in danne da wani lemon mai sanyi, in tashi da ƙyar ina dafe da ƙugu. Kafin biyu da rabi ido ya fara rufewa, gwiwoyi kamar an zare musu ƙashi. Sai in ƙara enaji. Zuciya ta yi ta dukan ƙirji, jiki kuwa ya ce bai san zancen ba. Kusan dukanmu matasan haka muke yi, shi ya sa na ɗauka haka aikin ƙarfi yake: da safe kana jarumi, da la'asar sai a tausaya maka.

Mutum ɗaya ne ya ƙi bin wannan tsarin, wato Baba Tersoo. Mutumin Tibi ne, daga Shabu yake zuwa kullum a kan wani tsohon babur. Ya doshi shekara sittin, siriri ne kamar iska za ta ɗauke shi. Ba shi da yawan magana. In ya yi murmushi, wanda ba kullum ba ne, sai ka ga haƙora farare tas a jere kamar na ɗan shekara ashirin. Yadda ya ɗauki buhu ƙarfe bakwai na safe, haka zai ɗauke shi ƙarfe biyar na yamma. Ba gaggawa, ba nishi, ba dafa bango.

Wata la'asar ina kwance rashe-rashe a kan tarin buntu, na ce wa abokin aikina Danlami, "Tsakaninka da Allah, tsohon nan bai ba ka mamaki?"

"Ƙashin Tibi ne. Doya suke ci tun suna goye."

"Ni ma na ci doya jiya. Dube ni."

Danlami ya dube ni da kyau ya ce, "Gaskiya kai doyan bai kama ka ba."

Ya yi dariya ya wuce, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na fara sa ido. Abu na farko da na lura: Baba ba ya zuwa rumfar mai abinci. Na biyu: sau uku a yini, wajen goma, da ɗaya, da huɗu saura, yakan ɗauki wata tsohuwar jaka ya zagaya bayan tankin ruwa, inda ba kowa, ya zauna ya fuskanci bango. Mutum mai gaskiya me zai kai shi fuskantar bango? Na sayi ƙaramin littafi na rubuta a bangonsa, "Bincike kan Baba T." (Dole in yi amfani da biron nan biyu ko ta halin ƙaƙa.)

Na samu maɓoya a bayan tarin itacen da mata ke guma da shi. Daga nan ina hango bayansa da ɗan gefen fuskarsa. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya zaro wani ƙaramin gwangwani a nannaɗe cikin jan ƙyalle, ya buɗe, ya sunkuyar da kai, ya kai hannu baki, ya mayar cikin gwangwanin, ya rufe. Ya buɗe wata roba ya ci wani abu mai laushi da cokali. Ya kwance ƙullin leda, ya zuba wani farin gari a gorar ruwansa, ya girgiza, ya kurɓa. Ya ciro wani dunƙule mai ruwan ƙasa, kamar girman ƙwan zabo, ya gutsura ya yi ta mamula. Da ya gama ya sake buɗe gwangwanin nan, ya ciro wani abu ya cusa a baki, ya motsa muƙamuƙi sau biyu, ya miƙe tsaye kamar sabon mutum.

Jan ƙyalle. Farin gari. Dunƙule. Na rasa wanne zan fi zarga, ƙwaya ko asiri, sai na yanke cewa duka biyun ne.

Na gwada shi da dabara muna ɗinkin buhu. Na ce, "Baba, don Allah mene ne sirrin ƙarfin nan naka?"

"Abinci ne, ɗana."

"Wane irin abinci?"

"Irin wanda mutum yake ci."

Na ce a raina, amsar marar gaskiya ke nan. Washegari sai ga shi ya miƙo mini dunƙule ɗaya a cikin ganyen ayaba. Ya ce, "Tun da ka tambaya. Ci, ka sha ruwa a kai." Na taɓa jin cewa haka masu sayar da ƙwaya suke jawo mutum, na farko kyauta suke ba ka. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ce zan ci in na yi salla.

Ban ci ba. Na sansana, na ji ƙamshi kamar na soyayyen riɗi, na ce lallai da shi aka rufe warin maganin. Sai na ga ya kamata in yi gwaji irin na masu ilimi. Madam tana da wata jar akuya da ke yawo a harabar tana kalar dusa. Na ja ta gefe na ba ta. Ta cinye har ganyen. Na duba agogo na zauna jira. Bayan minti ashirin akuyar nan ta yi tsalle ta hau buhu, ta ƙara tsalle ta hau na sama, har ta kai ƙololuwar tarin, ta tsaya tana hangen gari. (A gidan da ake kiwon awaki aka haife ni. Na san ba abin da akuya take so irin hawa kan abu. Ranar kawai na manta.) Na rubuta abin da na gani.

A nan ya kamata in faɗi abin da ya sa maganar ba ta wasa ba ce. Shekarar da ta gabata wani saurayi a injin ya sha tiramol har ba ya jin jikinsa, ya kai hannu kusa da bel ɗin inji, ya rasa yatsu biyu. Tun daga nan Madam ta rantse cewa duk wanda ta kama da ƙwaya, ranar zai bar mata wuri, kuma za ta bi duk masu inji na layin ta ce kada wanda ya ɗauke shi. Na san wannan sarai. Na kuma san, tun da na ce zan faɗi gaskiya, cewa an fara raɗe-raɗin Madam za ta naɗa heluma, wanda zai riƙa raba wa leburori aiki, kuma sunan Baba ake kira. Heluma ba ya yawan ɗaukar buhu. Ni mai difloma ina tsaye, a ba tsohon da ko sa hannu da ƙyar yake yi? Na gaya wa kaina cewa lafiyar jama'a nake karewa, kuma na yarda da kaina.

Ranar Laraba bayan an tashi na shiga ofishinta na zayyana mata komai. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? Mutumin nan shekara tara yana mini aiki."

"Madam, da idona na gani. Ki zo gobe ƙarfe ɗaya ki kama shi hannu dumu-dumu."

"In ƙarya ne fa?"

"Ki yi mini duk abin da kika ga dama."

Ta ce, "To. Gobe."

Ita kaɗai ya kamata mu je da ita. Amma ni ina son shaidu, sai na raɗa wa Danlami, na ce kada ya gaya wa kowa. Kafin ƙarfe sha biyu har mata masu guma sun sani. Da ɗaya ta yi, Baba ya ɗauki jakarsa ya zagaya. Na ba shi minti biyar, sannan na yi wa Madam alama da kai, irin yadda na ga manyan 'yan sanda suna yi. Ina gaba, tana bina, leburori da mata da direban tirela da ya zo lodi duk suna biye.

Muka same shi cokali a hannu. Ya waigo ya ga taron. Nan take ya saki cokalin ya toshe bakinsa da tafin hannu.

Na ce, "Kun gani? Ya ɓoye a baki!"

Madam ta ce, "Baba Tersoo, yi haƙuri. An kawo mini magana ne, dole in duba. Me kake sha a nan?"

Hannunsa na kan baki, idanunsa na kan jan ƙyallen da ke gefen ƙafarsa. Ya miƙa ɗaya hannun zai ɗauka, na riga shi. Ya girgiza kai da ƙarfi, ya yi wata magana a bayan tafin hannunsa wadda ba wanda ya gane. Daga baya na fahimci roƙona yake yi. A lokacin kuwa na ɗaga gwangwanin sama yadda kowa zai gani, na ce, "Jama'a, ga inda abin yake!" Na warware ƙyallen, na fizge murfin.

Ruwa ya zubo mini a hannu. Wani abu ya biyo ruwan ya faɗi a kan siminti, ya ɗan yi tsalle, ya tsaya daidai gaban takalmin Madam. Haƙora ne. Jeri guda na sama, farare tas, da jan dasashinsu na roba, suna yi wa Madam murmushi.

Wata daga cikin matan ta ce, "Yesu!" Wata ta ce, "Innalillahi." Ba wanda ya yi dariya. Da an yi, da wataƙila na samu inda zan raɓe.

Baba ya sunkuya a hankali ya ɗauki haƙoransa. Ya wanke su da ruwan gorarsa, ya juya mana baya, ya sa su, ya motsa muƙamuƙi sau biyu. Sannan ya juyo. Bai dube ni ba, Madam ya yi wa magana.

"Shekara huɗu ke nan. Mota ya buge ni a hanyan Shabu, na faɗi da baki. Yarinyana ne ya kai ni asibiti aka yi mini wannan. In na tauna abinci da shi yana ji mini ciwo, shi ya sa nake cirewa. Ba na so yaran nan su gan ni da baki kamar jariri. Shi ke nan laifina, Madam."

Madam ta durƙusa da kanta ta buɗe robar. Dankalin Hausa ne da wake, an dafa su luguf an farfasa, da ɗan manja da ganyen zogale. Ga ayaba biyu a jakar, ga ɓawon dafaffen ƙwai, ga wata gora da ragowar kunun tamba na safe. Ta lakaci farin garin ta ɗanɗana.

"Gishiri da sukari," in ji ta.

"Yarinyana nas ne," in ji Baba. "Shi yake auna mini. Ya ce gumi yana fita da gishirin jiki, in mayar kaɗan-kaɗan."

Ta gutsuri dunƙulen ta tauna. "Riɗi. Gyaɗa. Wannan zaƙin fa?"

"Dabino."

Ta miƙe ta kaɗe zanenta, ta juyo gare ni. Muryarta ba ta tashi ba, wanda ya fi ba ni tsoro. Ta ce tun da an fara bincike, a gama shi, kowa ya kawo jakarsa, a fara da ta mai kawo rahoto. Danlami ne ya ruga ya ɗauko tawa, da saurin da ban taɓa ganin ya yi a wurin aiki ba.

Aka zazzage ta a ƙasa. Gwangwanin enaji uku, biyu an sha. Rabin burodi da ya kwana. Sai wata ƙaramar kwalba da na saya a tashar mota, mai hoton wani ƙato yana kokawa da bijimi, ba sunan wanda ya haɗa ta, ba bayanin abin da ke ciki. Mai tallar ya rantse mini cewa cokali ɗaya ya isa mutum ya yini yana lodi. Madam ta ɗaga ta da yatsu biyu.

"Wannan fa, oga mai bincike? Me ke ciki?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ka sani ba, kana sha."

Sai idonta ya faɗa kan littafin. Na yi addu'ar ƙasa ta tsage. Ta mayar da tabarau, ta buɗe, ta karanta da ƙarfi yadda take karatu a taron zumuntar mata: "Talata. Goma da minti biyar, wanda ake zargi ya shiga bayan tanki. Sha ɗaya saura biyar, an ba akuya samfuri. Sha ɗaya da kwata, akuya ta hau buhu." Ta ɗago kai. "Akuyata?"

A nan ne dariyar da aka riƙe ta ɓalle. Direban tirela har zama ya yi a ƙasa. Wata mai guma ta riƙe ciki tana cewa a taimaka mata. Baba ne kaɗai bai yi ba, yana ta mayar da kayansa cikin jaka ɗaya bayan ɗaya.

Madam ta ce in je in sa rigata in tafi gida. Na juya ke nan Baba ya yi magana. Ya ce, "Madam, kar ki kore shi. Ga hadari yana haɗuwa, shanya yana ƙasa, tirela yana jira. Ki haɗa shi da ni." Na ɗauka tausayi ne. Ban tabbata ba har yanzu.

Aka kwashe gwangwanayena da kwalbar bijimi. Ban ci abincin rana ba, don na tsaya shirya kamu. Gabas ta yi baƙi ƙirin, muka hau kwashe shinkafar da ke dandali kafin ruwa ya sauko, don in ya taɓa ta an yi asarar aikin kwana biyu. Daga nan muka faɗa lodi. Baba a gaba, ni a baya, buhu a ka, mu hau katakon da aka jingina da tirela, mu sauke, mu dawo. Na ƙudura a raina ko zan mutu ba zan nuna gajiya a gabansa ba. Na kai har wajen huɗu da rabi. Ina tsakiyar katakon sai sharaɓata ta dama ta ɗaure tamau kamar dutse, idona ya yi duhu, buhu ya tafi gefe ɗaya ni na tafi ɗaya.

Da na dawo hayyacina ina jingine da tayar tirela, Baba yana tsugune yana miƙar mini da ƙafa. Ya sa mini gorarsa a baki. "Kaɗan-kaɗan. Kar ka kwankwaɗa." Ruwan da na yi wa sharri ne, da ɗan gishiri-gishiri. Ya ɓare mini ayaba. Ya ciro dunƙulensa na ƙarfe huɗu, wanda bai samu zarafin ci ba, ya raba biyu ya ba ni rabi. Na ci. Wallahi da daɗi. Ya tsaya yana kallona har na haɗiye, sannan ya ce, "Yanzu ka zauna a nan. In ka ji kana son hawa buhu, ka kira ni." Shi ke nan baƙar maganar da ya faɗa mini a duk ranar. Ya koma ya ƙarasa lodin da Danlami, ana ɗaure tamfol ruwa ya sauko.

Labari ya riga ni isa gida. Innata ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Sa'an mahaifinka ne fa." Ta ce ranar Lahadi in bari a taso daga coci, in je har gidansa. Na sa kaftanina mai guga, na sayi kankana, na hau keke napep zuwa Shabu.

Na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da matarsa da 'yarsa Doose, nas ɗin. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini." Ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci. Sannan ya ce ya yafe, amma in sani shekara huɗu yana rufe abin nan, ko abokansa na coci ba su sani ba, ni kuma na buɗe shi a minti ɗaya, kuma ba zai rufu ba.

Doose ba ta yafe da wuri haka ba. Ta dube ni ta ce, "Kai ne mai akuya?" Na ce ni ne. Ta tambayi abin da nake ci a yini, na faɗa mata, ta kama haɓa. Ta ce lemo da burodi wutar kara ne, su kama yanzu su mutu yanzu. Ta ce malmala uku da rana tsaka ba abinci nake ba jikina ba, wani aikin nake ƙara masa. In karya da abu mai riƙe ciki, kunu da gyaɗa, ko wake, ko ƙwai in ya samu. In raba abincin rana biyu ko uku. In riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ni. Kwalbar tasha kuwa, ta ce in ina son ƙodata in rabu da ita. Na zaro biro zan rubuta, ta ce, "Abeg, kai da rubutu kun isa haka."

Sai Mama, matar Baba, ta tashi ta shiga ɗaki, ta mirgino turmi, ta kawo soyayyen riɗi da gyaɗa da dabino da aka cire wa ƙwallo, ta miƙa mini taɓarya. Ta ce, "Tun da kana son sanin abin da ke ciki, daka na satin nan." Haka na naɗe hannun kaftani na yi daka kusan awa guda, maƙwabta suna wucewa suna gaishe ni da aiki. Na koma Lafiya da bororo a tafin hannu da dunƙule shida a ganye.

Baba ya zama heluma ƙarshen watan nan. Bai ƙara komawa bayan tanki ba, a inuwar sito yake zama da mu, ya ɗan juya gefe ya cire abinsa, kowa ya kama kallon kwanonsa. Ni kuma na koma zuwa da robata: wake da dankali yau, gobe doya da ganye, gorar ruwa a gefe. Ban zama Baba ba, amma na daina kwanciya a kan buntu, kuma ƙarfe biyar na yamma tana samuna a tsaye.

Abin da na koya, ban da cewa sai da na shekara ashirin da bakwai kafin na iya cin abinci, shi ne wannan: in wani ya fi ni a aiki, yanzu nakan fara zargin kaina kafin in zarge shi, don na lura binciken ya fi sauri kuma kusan kullum ana kama mai laifin. In kuma har wani abu ya ci mini rai sai na buɗe, to ba na gayyatar mutane ashirin.